Laifin da Malam Iro Ya Ɗaukar Mini a Bakin Oba-Oba

Shekara goma sha tara ke nan, a wannan watan, da muka kai Malam Iro makwancinsa a Makarfi. Masu bin wannan fili za su lura yau ban fara da gaisuwar da na saba ba. Ba mantuwar tsufa ba ce, ko da yake ita ma tana nan ba ta je ko'ina ba. Mutumin da zan yi magana a kansa ya shafe fiye da rabin rayuwarsa ana kiransa Iro Ba-Gaisuwa. Da sunan ya mutu, kuma har gobe in za a kwatanta 'ya'yansa a kasuwa da shi ake kwatanta su. Na san ranar da aka laƙaba masa sunan, na kuma san bai cancance shi ba, domin wanda ya yi laifi a ranar ni ne. Na yi shiru yana raye, na yi shiru bayan ransa. Yanzu na haura tamanin, gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, ban ga abin da nake jira ba kuma.

Abin ya faru ne a 'yan shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, ana ta maganar mulkin kai amma ba a kai ga samu ba. A lokacin ne En'e, wato hukumar gargajiya, ta kawo mana wasu akwatuna masu kai magana ta iska, waɗanda daga baya kowa ya san su da oba-oba, saboda kalmar da mutum ke faɗi in ya gama magana don ɗan'uwansa ya karɓa. Aka sa babba a Ikara, matsakaita a Makarfi da Kudan, ƙanana uku a Likoro da Dandamisa da Taba. Mu shida aka ɗauka, matasa masu ɗan karatun elemantare, aka koya mana danna maɓalli da duba batir. Iro ya girme ni da shekara huɗu, unguwarmu ɗaya, shi ya koya mini hawan keke. Shi aka ba babban akwatin na Ikara, ya zama shugabanmu. Ni, Sule, aka tura ni Taba, wani ɗan ɗaki a gefen shagon magani: akwati a kan tebur, batir irin na mota a ƙasa, eriya ɗaure a reshen tsamiya.

Yaran yau, da kowa ke da wayarsa a aljihu, da wuya su gane yadda abin yake. Hanya ɗaya ce tak a iskar. In mutum ɗaya ya danna maɓalli yana magana, sauran biyar sai dai su saurara. In biyu suka danna tare babu abin da za a ji sai ƙugi, kuma akwati mai ƙarfi shi ke danne mai rauni. Ga shi kowa na da haƙƙi a ciki: 'yan doka, malaman asibiti, malamin dabbobi, malamin daji, dagatai da masu sarauta. Rijiya ɗaya ce da guga ɗaya, gari guda kuwa na jin ƙishi.

To, mu kuma ka san mu da gaisuwa. Makon farko abin dariya ne, in ka cire haushi. "Ina kwana, oba." "Lafiya lau, oba." "Ina gajiya, oba." "Ba gajiya, oba." Sai an tambayi iyali, an tambayi doki, an tambayi ruwan shekaranjiya, kafin a zo kan maganar ɓarawon shanun da aka kira dominsa, shi kuwa tuni ya tsallaka ƙasar Kano ya sha ruwa ya huta. Baturen da ya kafa akwatunan mako biyu ya yi ya tafi, ya bar mana wani littafi da ba mu taɓa wuce shafinsa na uku ba. Iro ne ya zauna ya tsara mana yadda za mu yi, da kansa, ba wanda ya sa shi.

Dokarsa ba ta da yawa. In ka danna maɓalli, ka yi sallama, ka faɗi garinka, ka faɗi abin da ya faru, ka saki. In kira ya yi karo, yana da wata magana da muka haddace kamar karatun allo: rai gaba da wuta, wuta gaba da ɓarawo, ɓarawo gaba da takarda. Wanda ke da maganar rai kuma ya tarar hanya a cike, sai ya danna maɓalli sau uku a jere, ƙas, ƙas, ƙas, kowa ya yi shiru. Mu ƙananan tashoshi ba ma barin akwati a kunne, don tattalin batir. Bayan kowace sallah muke kunnawa, Iro ya kira garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Yana da wani katako da ya buga wa ƙusa shida a bango. Garin da ya amsa sai ya rataya masa zoben kaba a ƙusarsa. Ƙusar da aka yi kiran suna biyu a jere babu zobe a kanta, wato sau biyu ba a ji ɗuriyar garin ba, to maƙwabcinsa mafi kusa dole ya tashi mai keke ya je ya gano. Batir kuwa duk mako jaki ke kawo cikakke daga Kudan, inda injin caji yake, ya tafi da wanda ya ƙare. In ka yi sakaci da ruwan batirinka Iro zai ce maka ba a fafe gora ranar tafiya, kuma zai faɗa kowa na ji.

Mu shida mun bi dokar, har ma 'yan doka sun bi, da ƙunƙuni. Inda ta tsaya shi ne bakin manya. In mai rawani ya shigo ya zauna gaban akwati ya ce a haɗa shi da wane, wa zai ce masa ya taƙaita? Sai dai Iro ya zauna can Ikara yana cizon leɓe har a gama. Kuma ina so a rubuta wannan a ajiye: a ƙasa, ido da ido, ban san mai ladabi irin Iro ba. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida tsoho har sai tsohon ya gaji ya ce ya isa. A iska ne kawai ba ya gaisuwa.

Kwanakin baya 'yata ta sa ni cikin wani zauren waya da mutanen yankinmu suka buɗe, wai don sanar da juna in wani abu ya taso, gobara ko ɓarayi ko neman jini a asibiti. Ita ke karanta mini. Ranar wata Juma'a wata baiwar Allah ta rubuta cewa wuta ta kama rumbunansu, a taimaka. Kafin wani ya gani, barka da Juma'a ta binne saƙon, da hotunan furanni, da amin, da amin summa amin, sai da 'yata ta yi ta jan allo sama kafin ta tono shi. Lokacin an yi la'asar. Na ce mata ta kashe wayar. Ta ɗauka hayaniyar ce ta dame ni, ba ta san wata rana ce ta dawo mini ɗanya ba. Na tambayi kaina, da Iro na nan me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba. Zai nemi katako da ƙusa ne kawai.

Ranar da nake nufi cikin bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Sankarau ya shiga ƙauyuka, gobara kusan kullum, iskar ba ta hutawa daga safe har yamma. Ana cikin haka injin caji na Kudan ya lalace. Kwana tara ba a canja mini batir ba, allurar ma'auninsa ta kwanta a kan ja. A kiran sunan safe Iro ya ce, "Taba, muryarka ta yi nisa. Kashe, kada ka sake kunnawa sai rai." Na kashe.

Akwai wani mutum a Taba, Tanimu, mai yin mazarƙwaila. Mutum ne mai raha, in ya sauke sabuwa yakan ajiye mini dunƙule ɗaya a taga ya wuce yana cewa malamin iska ya jiƙa maƙogwaro. A ranar suna ƙarasa matsar raken ƙarshe a fadama. Wanda bai san injin ba: ƙarafa ne masu juyawa, doki na jan su yana zagaye, mutum na zaune yana tura musu rake a baki. Hannun rigar Tanimu ya shiga, ƙarfen ya ja rigar, ya ja hannun, kafin a tsayar da dokin ya kai gwiwar hannu. Ana idar da azahar aka kawo shi a kan ƙyauren ƙofa. Malamin shagon magani ya ɗaure dantsen da rawani, ya dube ni ya ce jinin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti a Zariya.

Motar asibiti ɗaya ce a duk yankin. Da safe na ji ana cewa bayan azahar za ta tashi daga Makarfi da masu sankarau biyu. Ratse kaɗan za ta yi ta biyo ta kanmu. Ladi, matar Tanimu, ta biyo ni har ƙofar ɗakin, zaninta duk jini, ba ta kuka, ta ce, "Malam, ka gaya musu. Don Allah ka gaya musu."

Na kunna. Hanya a cike. Wani dattijo ne mai sarauta ke magana, ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba, ya daɗe da rasuwa kuma ba mugun mutum ba ne. Ya tashi daga jinya ne, takwaransa na wani garin ke yi masa sannu, suna ta miƙa wa juna. Wannan dattijo aminin mahaifina ne. Shi ya sa baki aka ɗauke ni aiki, tun ina yaro a gabansa nake durƙusawa. Na danna maɓalli sau uku. Ban yi zaton za a ji ba, amma Iro kunnen ɓera gare shi. Dattijon na cewa oba, kafin ɗayan ya karɓa, sai ga muryar Iro.

"Ranka ya daɗe, dakata. Kowa ya saki maɓalli. Rai ne."

"Wane yaro ne wannan yake katse ni?" in ji dattijon.

"Ikara ce. Na ce a yi shiru. Mai kira, hanya taka ce."

Ban taɓa jin iskar nan ta yi tsit kamar lokacin ba. Abin da ya kamata in faɗa kalma goma ce, na ƙirga su sau dubu tun daga ranar: Taba, injin rake ya cinye hannun mutum, mota ta biyo. Amma na san dattijon na can yana saurare, yanzu-yanzu aka kunyata shi gaban garuruwa shida, kuma a kaina aka yi. Na ga fuskarsa a raina, na ga ta mahaifina. Bakina ya buɗe da abin da aka koya masa tun yana tsotso. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, Allah ya huci zuciyarka, a yi mana afuwa. Barka da rana, ranka ya daɗe. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Baba ma yana gaishe..." A nan 'yar fitilar akwatin ta dushe ta mutu.

Na danna, na jijjiga, na bugi batirin da ƙafa. Sannan ne na fara ihu, "Taba! Mota! Hannun mutum!" cikin mataccen akwati. Wannan ihun shi Ladi da mutanen da ke waje suka ji. Shi ya sa har suka koma ga Allah suna ganin na yi iya ƙoƙarina.

Sauran labarin daga baya na haɗa shi. Muryata ta yi rauni ƙwarai, babu wanda ya kama ta sai babban akwatin Ikara, shi ma don Iro na sanye da abin sauraro a kunne. Sauran garuruwa shuuu kawai suka ji. Shi ya ji komai, tun daga zamaninka har zuwa Baba, ya kuma gane ni. Nan take ya kira Makarfi ya ce mota ta biya ta Taba. Suka ce me ya faru a can? Ya ce bai sani ba, rai ne dai. Suka ce ga mutum biyu a mota wuya ya sanƙare, ba za su ratse da su a kan ƙas-ƙas ba, wataƙila ma ƙugin iska ne. Ban ga laifinsu ba. Sai ya sa Kudan ta tashi mai keke. Mai keken ya iso bayan la'asar, ya tarar mun ɗora Tanimu a amalanken shanu mun nufi babbar hanya. Ba mu kai ba. Ya cika kafin magariba, kansa a cinyar ƙanensa, a ƙarƙashin wata ɗorawa da har yau in na wuce wurin nakan kau da kai.

Bayan kwana kaɗan aka kira mu bincike, wani babban ma'aikaci da Bature ɗaya a zaune. Aka tambayi Iro, da ka buɗe hanya me Taba ta ce? Bai dube ni ba. Ya ce, "Batirinsa ya mutu kafin ya buɗe baki." Aka juyo kaina, aka ce haka ne? Na ce haka ne. Kalma biyu, kuma a wannan karon ban tsaya gaisuwa ba.

Hukuncin bai yi wuya ba. Aka ce ko rai ne, akwai yadda ake magana da manya. A gari kuwa labarin ya ɗauki wata kama: wai da Iro bai tsaya sa-in-sa da babba ba, da ɗan abin da ya rage a batirina ya isa in yi magana. Ta haka aka ɗora masa rashin kunya, aka ɗora masa Tanimu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Aka sauke shi daga aiki, yara suka fara kiransa Ba-Gaisuwa, manya suka karɓa. Ba a yi wata uku ba aka ba ni kujerarsa a Ikara, kuma dattijon nan ne ya sake sa baki, ya ce yaron na da tarbiyya. Na zauna a kujerar shekara bakwai, ina aiki da katakonsa da ƙusoshinsa da zobban kabarsa, ana yaba mini iya tsari.

Shi kuwa ya koma kasuwar Makarfi ya kafa 'yar rumfa yana gyaran rediyo da agogo. A nan Ladi ta same shi wata ranar kasuwa, ta tsaya gaban jama'a ta ce masa Allah ya isa. Wanda ya ba ni labari ya ce Iro ajiye abin da ke hannunsa kawai ya yi, ya ce, "Allah ya ji ƙan Tanimu," ya ci gaba da aiki. Ni kuma duk shekara sai ta aiko mini da mazarƙwaila, da 'ya'yanta suka girma suka gaji sana'ar ubansu. Ban taɓa iya kai ta baki ba. Iyalina har yau sun ɗauka tsoron ciwon suga ne.

Kada in yi wa kaina ƙarya fiye da wadda na riga na yi: sau ɗaya na taɓa maganar. A rumfarsa ne, shekarar da aka sauke shi. Na ce zan je in faɗi gaskiya. Ya ce, "Sule, kana da mata da jariri, ba ka iya komai ba sai danna maɓalli. Ni ina da hannun gyara. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na yi farat na karɓi maganar, kamar mai jiran a ce masa ya zauna. Jaririn ya girma ya yi aure ya haifi nasa, aikin ya ƙare, akwatunan suka yi tsatsa a sito, dattijon ya rasu, babu sauran abin da zan rasa, amma ban sake tayar da zancen ba. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, ya tarbe ni da fara'a, in gaishe shi, in daɗa gaishe shi. Duk wanda ya gan mu sai ya ce ga mai ladabi ga Ba-Gaisuwa.

Ba yaƙi nake da gaisuwa ba. Da ita aka raine mu, kuma gaskiya ne yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa. Ita ke sa baƙo ya zama ɗan gida. Abin da na gane da tsufana shi ne, ga matsoraci irina gaisuwa maɓoya ce. Muddin kana tambayar gajiya da iyali, ba ka kai ga abin da ya kawo ka ba, kuma babu mai zarginka.

Iro bai riski zamanin waya a kowane aljihu ba, farkonsa kawai ya ji labari. Nakan zauna in yi ta tunanin yadda zai gan mu. Na san zai yi murna da cewa mace a ƙauye za ta iya kiran mota daga kan gadonta. Amma tambayarsa ta farko na san ta: ran da sabis ya ɗauke fa? Mun ga irin ranakun, gari ya kwana uku babu waya, kowa na ɗaga hannu sama yana neman ko sandar sabis ɗaya a wayarsa. A zamaninsa in gari ya yi shiru sau biyu, wani na can ya lura, mai keke ya kama hanya. Yau ban san wanda aikinsa ne ya lura da garin da ya yi shiru ba. Kowa na magana, har kunne ya gaji, kuma mun ɗauka wanda ba mu ji daga gare shi ba lafiya yake. Ƙusar da ba ta da zobe ita Iro ke fara dubawa in ya shigo ɗaki.

Bara, a hanyar Dandamisa, motarmu ta tsaya wurin 'yan sintiri. Ɗaya na riƙe da 'yar oba-oba, wani a can ɗaya ɓangaren na ta zuba masa surutu. Sai na ji ya katse shi ya ce, "Kai, saki hanya, rai gaba da wuta." Na leƙo na ce, samari, a ina ka samo wannan magana? Ya ce, "Wallahi Baba haka muka tarar ana faɗa." Na ce ka san Malam Iro na Makarfi? Ya ce wanne, Ba-Gaisuwa? Ya ji kakarsa na ba da labarinsa, wai wani marar kunya ne da ya sa mutum ya mutu. Direba ya ja mota. Ban ce komai ba, a nan ma.

Ciwon ajalin Iro bai daɗe ba. Da aka aiko mini jikin ya yi tsanani, na tashi daga Ikara da hantsi, na yi wa kaina alkawari a mota: yau zan faɗa, a gaban 'ya'yansa, in roƙe shi gafara su ma su ji. Na same shi kwance a zaure, ya rame, idon nan dai na nan. 'Ya'yansa uku na zaune. Na durƙusa na ce sannu Yaya Iro, yaya jikin, an samu barci, yaya ƙafar, ana iya cin abinci, yaya yara, yaya haƙuri. Yana ta amsawa a hankali. Can ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa kamar mai danna maɓalli, ya ce, "Sule, gari, sannan magana."

'Ya'yan suka yi dariya, sun ɗauka tsohuwar raharsa ce. Ni na san hanya ya sake buɗe mini. Na buɗe baki, sai aka yi sallama, wasu masu dubiya suka shigo, na tashi na ba su tabarma, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin su fita barci ya ɗauke shi. Na ce wa babban ɗansa zan dawo gobe. Na dawo kuwa, na tarar ana yi masa wanka.

Me ya rage na Malam Iro bayan shekara goma sha tara? Rumfar an rushe ta an yi shago. Katakon ƙusoshin na riƙe shi shekaru, gara ta cinye. Maganarsa na yawo a bakin samarin da ba su san mai ita ba, tana kuma aiki, Allah kaɗai ya san rayuka nawa ta tsare. Sunan da aka yi masa ƙage shi ma na yawo, ya fi maganar tasa gudu. Biyun nan su suka rage, ɗaya nasa ne, ɗayan nawa ne na bar masa. An ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Nawa ya bi ni shekara sittin da wani abu, bai taɓa gajiya ba. Ladi ta rasu da Allah ya isa a kan wanda bai ci mata komai ba, wannan kam ba ni da yadda zan gyara shi, sai ranar da za mu tsaya gaban Mai kowa. Amma 'ya'yan Iro na raye, 'ya'yan Tanimu ma na raye, kuma akwai masu karanta musu jarida. Allah ya ji ƙan Malam Iro, ya ji ƙan Tanimu da Ladi, ya sa in na je su saurare ni.

Sau biyu ya buɗe mini hanya na cinye ta da gaisuwa. Batirina ya sake kwantawa a kan ja, don haka bari in yi yadda ya koya mini.

Salamu alaikum. Taba ce, Sule ke magana. Injin rake ya cinye hannun Tanimu, mota ta biyo. An ba ni hanya a kan lokaci, batirina na da rai, na tsaya gaida babba har ya mutu. Iro ba shi da laifi, ni ne. Oba.